Router ɗin da OpenWrt bai san shi ba

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo router a Tip Toe Lane da ke Circle a Accra, ka duba jerin na'urorin OpenWrt (manhajar kyauta da ake maye gurbin ta kamfani da ita a router) ba ka gan shi ba, kana tambaya ko za a iya saka masa. Ana iyawa, amma sai ka buɗe shi tukuna.

Kwance murfin ka karanta lambar da ke jikin babban cif ɗin. In MediaTek ne, kamar MT7621, ko Qualcomm Atheros, ka yi sa'a, domin akwai direbobinsu (manhajojin da ke sarrafa cif ɗin) a buɗe ga kowa. In Broadcom ne, ni dai shawarata ka haƙura, Wi-Fi ɗinsa zai wahalar da kai. Haka ma ka haƙura in ma'ajiyarsa 4MB ce, RAM 32MB, domin sun yi kaɗan.

Sai ka nemo ƙafafun UART (inda ake jona router da kwamfuta don ganin saƙonninsa) a kan allon cikinsa, ka haɗa masu alamar GND, TX da RX da adaftar USB mai 3.3V. Kada ka taɓa VCC, ƙafar wuta. Yawanci gudun sadarwar da za ka saita a kwamfuta 115200 ne. Nan za ka ga U-Boot, manhajar da ke tayar da router, yana tashi.

Don Allah kafin komai ka kwafi duk abin da ke cikin ma'ajiyar, musamman ɓangaren "factory" ko ART. Can ne adireshin MAC (lambar shaidar na'ura a hanyar sadarwa) da ma'aunin rediyon Wi-Fi na na'urar suke, kuma kowace na'ura da nata. Na taɓa goge nawa a shagonmu na Nima, har yau abin yana damuna.

Daga nan ɗauki fayil ɗin DTS (mai bayyana sassan na'ura) na wani router mai cif iri ɗaya, ka gyara fitilu, maɓallai da rabon ma'ajiya. Fara loda initramfs (OpenWrt na gwaji da ke aiki ba tare da taɓa ma'ajiya ba) ta TFTP (hanyar tura fayil daga kwamfuta) cikin RAM, kada ka rubuta komai a ma'ajiyar tukuna. Ranar rubutawa kuwa, jona router ɗin da UPS (batirin ko-ta-kwana) saboda dumsor, wato ɗauke wuta.