Na sayi tsohuwar taswira a intanet, sai ga hatimin laburare a bayanta

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni malamin tarihi ne a Kano. Makonni biyu da suka wuce aka kawo mini wata tsohuwar taswira da na saya a kasuwar intanet ta eBay daga wani dillali a Amurka, mai nuna hanyar da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi ya iso Kano a 1851. Da na kai ta wajen mai firam, sai ya nuna mini hatimin wani laburare a bayanta, an yi ƙoƙarin kankare shi, gefe ɗaya kuma yankan reza ne. Abokina ya ce in yi shiru, ai da kuɗina na saya. Ina cikin matsala?

Amsa: Malam, ranar da ka biya kuɗin ba ka yi laifi ba. Ranar da ka ga hatimin nan kuwa, matsayinka ya canza. Sashe na 317 na dokar Penal Code, wato dokar hukunta laifuka a Arewacin Najeriya, ya hukunta wanda ya karɓi kayan sata, da wanda ya ci gaba da riƙe su da mugun nufi, yana sane ko yana da dalilin zaton na sata ne, kuma ɗaurin na iya kai shekara 14. Kankararren hatimi da yankan reza dalili ne babba. Shawarar abokinka ita ce za ta iya mayar da kai daga wanda aka cuta zuwa wanda ake tuhuma.

Rasiti kuma ba ya mallaka maka ita. A dokar ciniki ta Najeriya da ta Amurka, ɓarawo ba ya ba mai saye mallakar da shi kansa ba shi da ita, ko da kayan sun bi hannu goma. A Kano ma ba baƙon hukunci ba ne, malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da shi a babin istihƙaƙi: mai kaya ya ɗauki kayansa, mai saye ya bi wanda ya sayar masa ya karɓo kuɗinsa.

Ba kowane hatimi ne shaidar sata ba. Laburare kan sayar da littafin da yake da kwafi biyu, amma yakan buga wani hatimin da ke nuna an cire shi daga kundi. Wanda ya samu abu ta wannan hanya ba shi da abin kankarewa. Nan ne hankalina bai kwanta ba.

Amurkawa sun ga irin wannan. A watan Yunin 2005 wata ma'aikaciya ta tsinci reza a ƙasa a laburaren Beinecke na Jami'ar Yale, aka bi diddigi aka kama Forbes Smiley, dillalin taswira mai mutunci a idon jama'a. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ya amsa satar taswira 97 da darajarsu ta haura dala miliyan 3, daga wurare irin su Yale, Harvard da laburaren Birtaniya, aka ɗaure shi wata 42. Dillalan da suka sayi kaya a hannunsa ba da sani ba sai da suka mayar, suka biya kwastomominsu. Abin da ya sa irin wannan satar ke tafiya shi ne ana yanke shafi ɗaya a mayar da littafin kan kanta, a yi shekaru ba wanda ya buɗe shi.

To, kada ka taɓa hatimin, kada ka sa ta a firam, kada ka sayar ko ka kyautar. Ɗauki hotonta gaba da baya, da gefen da aka yanka, ka adana hoton tallar, saƙonninku da dillalin, rasiti da takardar kamfanin da ya kawo ta. Yau ɗin nan ka shigar da ƙorafi a eBay, domin wa'adin neman a mayar da kuɗi kwana 30 ne daga isowar kaya, ka riga ka ci kusan rabi. Idan da kati ka biya, sanar da bankinka ma.

Sai ka rubuta wa laburaren, ka tura hotunan, ka nemi su duba kwafinsu ko shafin yana nan. Wannan wasiƙa ita ce garkuwarka, gara lauya ya rubuta maka ita. Tarko ɗaya: eBay kan ce a mayar wa dillali kayan kafin a biya. Kada ka yi gaggawar aikawa. Ka gaya musu a rubuce kana zargin na sata ne, kana jiran amsar masu ita, don in ta koma hannunsa gobe za ta sake fitowa kasuwa. Idan laburaren ya ce tasa ce, ka nemi su ɗauki nauyin aikawa, su kuma ba ka takardar shaidar cewa kai ka kawo rahoton da kanka.