Filin Tambaya da Amsa: Kayan Gyaran Tarakta Sun Yi Wuya, Ina Mafita?

Assalamu alaikum. Ina da tarakta mai ƙarfin doki 75 da nake bayar da hayarta. Ana tsaka da haro ta soma kakkatsewa, bakanike ya ce famfon injekta ne, wanda yake tura gas cikin inji. Mai kayan gyara ya ce sai na jira wata uku, kuɗin kuma ya ninka. Da gaske kayan ne babu a duniya, ko ɓoye su ake yi? Daga wani mai hayar tarakta, Saminaka.

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sauwaƙe. Famfon yana nan a duniya, kuma da wuya a ce ɓoye shi aka yi. Abin da ya ɓace shi ne sauƙin zuwansa da araha a kan lokaci.

Shekara da shekaru masana'antu sun saba da rashin tara kaya a rumbu, sai dai a kawo musu abin da za su haɗa a makon nan. Da korona ta rufe masana'antu a 2020, wannan tsari ya watse. Kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40, wanda bai kai dala 2,000 ba kafin annobar, ya haura dala 10,000 a watan Satumba na 2021. A Maris na shekarar jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ma'aikatan kamfanin tarakta na John Deere kusan 10,000 suka yi yajin aiki a Amurka, ana tsakiyar girbi. Sai yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya taɓa ƙarfe da baƙin garin da ake haɗa taya da shi.

Akasarin wannan ya lafa. Abin da ya rage mana a nan gida shi ne dala. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance kan kusan naira 460, a 2024 kuwa ta wuce 1,500. Kayan dala 200 da ake samu a naira 92,000 ya koma 300,000, kuma kwastan ma da sabon canjin take lissafa kuɗin fito. Ɗan kasuwar da jarinsa yake sayen famfo goma, yanzu uku yake saya. Saboda haka ya daina ajiye abin da ba ya fita kullum, sai ka biya sannan ya yi oda. Buɗe Form M, takardar neman izinin shigo da kaya, a banki, jiran masana'anta, makonnin da kaya suke yi a kan ruwa, fitar da su daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, sannan hanyar Legas zuwa Arewa: idan ka haɗa, wata ukun da ya faɗa maka ba ƙarya ba ne.

Amma kafin ka biya, a tabbatar famfon ne. Sau da yawa ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. A fara da filtar gas, a zubar da ruwan da ya taru a kofin ƙasanta. A gwada ƙaramin famfon da yake ɗago mai daga tanki, a ga ko yana turowa da ƙarfi. A fitar da iska daga layin. A cire nozul a kai wa masu injin gwaji, su ga ko feshi suke yi ko ɗiga. In duk waɗannan lafiya suke, sai a sauke famfon, amma a yi alamar saitinsa tukuna, a toshe bakin kowane bututu da leda mai tsabta. Famfon CAV mai juyawa, wanda yake kan yawancin tsofaffin injinan Perkins, ana gyara shi da sababbin sil da ƴan ƙananan kayan ciki, a sake saita shi a kan injin gwaji. Sai in kan famfon ya cinye ne ake maganar sabo. Kada a bari a buɗe shi a ƙasa a bakin gona, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe shi.

Mu ƙungiyar manoma ce, muna da tarakta uku. Me ya kamata mu saya mu ajiye, kuma yaushe? Daga sakataren wata ƙungiya, Ɗanja.

Malam Sakatare, lokacin saye shi ne Janairu zuwa Maris, sa'ad da kuɗin kaka suke hannu kuma kasuwar kayan gyara ba ta yi zafi ba. Wanda ya jira sai hadari ya haɗu, zai sayi abin da ya samu a farashin da aka yanka masa.

Ku yi lissafi da awa. A yawancin irin waɗannan taraktoci ana sauya baƙin mai da filtarsa bayan kimanin awa 250, filtar gas bayan kimanin 500, man giya da haidirolik bayan kimanin 1,000, amma littafin taraktarku ne alƙali. Taraktar da take aikin awa 750 a damina tana bukatar filtar baƙin mai uku, da mai 15W-40 kusan lita takwas a kowane sauyi idan injin mai silinda huɗu ne. Filtar gas kuwa ku ninka abin da littafi ya ce, saboda gas ɗin jarka da ganga yana zuwa da ruwa da datti. Ku bar ganga ta kwana biyu a tsaye kafin a ɗiba, kuma kada a zuƙe har ƙasa. Ga kowace tarakta ku ƙara filtar iska ɗaya, fanbel biyu, robobin lagireto na sama da na ƙasa, boris na ƙafafun gaba, da na faifan garma da haro, waɗanda su ne suka fi mutuwa a busasshiyar ƙasa. Tsakanin taraktocin uku, faifan kuloci ɗaya da famfon ruwa ɗaya da saitin nozul ɗaya sun isa, muddin ƙirarsu ɗaya ce.

Ga abin da ya fi duk wannan amfani: ku koyi saye da lamba, ba da sunan tarakta ba. Kamfanin tarakta ba shi yake ƙera boris da sil da bel ba, saya yake yi ya sa a kwalinsa. Boris mai lamba 6205 faɗin raminsa milimita 25 ne, faɗin waje 52, kauri 15, ko a ina aka yi shi. Lambobi biyun ƙarshe, daga 04 zuwa sama, idan ka ninka su sau biyar sun ba ka faɗin ramin. Idan an ƙara 2RS, yana da murfin roba gefe biyu, shi ya dace da ƙura. Sil kuma lambobi uku ne a jikinsa, kamar 35-52-7: rami, waje, kauri. Da wannan lamba za ku same shi a Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen masu kayan manyan motoci, ko da dillalin tarakta ya ce babu. Kayan cikin inji kuwa da lambar injin ake nemansu, wadda take buge a jikin bulok. A Perkins, wadda ta fara da LD ita ce ta injin ƙirar 4.236. Ku rubuta lambobin nan a littafin ƙungiya tun tarakta tana lafiya, domin boris ɗin da ya farfashe ba ya karantuwa.

Roba kada ku tara ta da yawa. Zafi yana busar da sil da bel ko ba a yi aiki da su ba.

Kasuwa ta cika da jabu. Wanne ne za a iya ƙerawa a gida ko a sayi na hannu? Daga wani bakanike, Maraɗi.

Maigida, ka fi mu sanin cewa ƙarfen da ba ya gudu a cikin inji ana iya yinsa a gida: fil na rataya garma, bushin, ƙafar rija, sandar ja. Masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe irin na Panteka a Kaduna suna yin su da kyau. Tiyon haidirolik ma ana matse sabo a kan tsofaffin kawuna idan zarensu bai ci ba, amma a sa mai waya biyu a ciki. Kusoshin da suke ɗaukar nauyi a duba kansu, a ga lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9. Na hannu ya yi a gidan giya, akasil da rim. Nozul, ringi, metal, gasket na kan inji da filta kuwa sai sabo daga hannun wanda zai karɓa idan ya zama jabu. Jabun filta ta fi sauƙi a hannu, takardar cikinta kaɗan ce, kuma ita ce take kai mutum ga sayen famfo.

Ku a Nijar matsalarku ta hanya ce fiye da ta canji, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, tsakanin Nijar da Benin, bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da suke sauka Kwatano suka koma bin Lome ta Burkina Faso, ga nisa ga jiran rakiya. Don ƙananan kaya, Kano ta fi kusa.

Ana cewa kasuwancin duniya ya kusa rushewa, kowace ƙasa za ta koma ƙera nata. Mu da muke shirin sayen sabuwar tarakta, wace za mu saya? Daga wata shugabar ƙungiyar mata manoma, Kura.

Hajiya, a ganinmu ba rushewa zai yi ba, sauya hanya yake yi yana ƙara tsada. Tun ƙarshen 2023 hare-haren Huthi a Bahar Maliya suka sa manyan jirage zagayawa ta kudancin Afirka, abin da yake ƙara kwana goma ko fiye tsakanin Asiya da Turai. Jiragen da suke zuwa Legas daga Asiya da yawansu dama can suke bi, amma duk da haka mun ji a jika, domin idan tafiya ta yi tsawo jirage da kwantenoni sukan yi ƙaranci a ko'ina, kuɗin dako ya tashi. A shekarar 2023 kuma fari ya rage jiragen da suke ratsa mashigin Panama. Amurka kuma ta sa harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙarfen waje a 2018, ta mayar da shi 50 a 2025. Manyan kamfanoni sun koyi darasi, suna neman mai kawo kaya fiye da ɗaya suna kuma tara kaya a rumbu, kuma mai saye ne yake biyan kuɗin wannan tanadi.

Maganar kowa ya ƙera nasa tana da daɗin ji, amma mun taɓa gwadawa. An haɗa taraktocin Steyr a Bauchi, an haɗa na Fiat a Kano. Haɗawa ce ta kayan da aka shigo da su, da kuɗin waje suka yi wuya a shekarun 1980 sai aikin ya durƙushe. Abin da zai yiwu nan kusa shi ne ƙera faifan garma, filta, batir da tirela, kuma yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, za ta iya faɗaɗa musu kasuwa idan iyakoki suka bari.

Game da zaɓi, ku fara da kasuwar kayan gyara kafin ku je wurin mai sayar da tarakta. Taraktocin Indiya da Pakistan, irin su Mahindra da Massey Ferguson 375 da kamfanin Millat yake haɗawa a Lahor ta Pakistan, injinsu na ƙarfe ne zalla ba kwamfuta a ciki, masana'antu da yawa suna yin kayansu, bakaniken gari ya san cikinsu. Mai kwamfuta a ciki tana da daɗin aiki da tsimin mai, amma idan na'ura ɗaya ta mutu sai an zo da kwamfutar dillali. Manoman Amurka kansu sun daɗe suna wannan rigima, har jihar Kolorado ta yi doka a 2023 da ta ba su ƴancin gyara kayan nomansu. Ku rubuta kaya goma, daga filta zuwa faifan kuloci da famfon haidirolik, ku zaga shago uku a Kano ku tambaya. Idan takwas suna kan kanta a ranar, ku saya. A takardar ciniki ku sa a haɗa muku da littafin lambobin kayan gyara da filtocin shekara guda, ku kuma ware wani abu daga kuɗin kowace kadada da aka yi haya, a asusu dabam wanda ba a taɓa shi sai don gyara.