Tambayi Likita: yaron da wuyansa ya ƙi tsayawa, da zancen maganin gwaji

Daga Ƙofar Ƙaura: Likita me ake nufi da magani yana matakin gwaji na farko?

Mutane kaɗan ake ba, sau da yawa ma masu lafiya, a ga ko jiki zai ɗauka kuma nawa ya kamata a sha. Ba a kai ga sanin ko yana warkarwa ba tukuna.

Daga Ƙofar Marusa: Wani a TikTok yana sayar da kafso na ciwon rawar jiki na gado, wai daga gwajin Amurka ya samo.

Damfara ce Malam, maganin da ke gwaji ba a sayar da shi. A 2022 an tsayar da gwajin maganin branaplam na cutar Huntington, wani ciwon rawar jiki na gado, saboda alamun yana taɓa jijiyoyi, da likitoci a kai kenan fa, balle kai kaɗai a ɗaki. Kawo mara lafiyar asibiti.

Daga Daura: Ɗana wata bakwai wuyansa bai tsaya ba, jikinsa laƙwas, haka yayansa ya yi har ya rasu. Ni da mijina 'yan wa da ƙani ne. Kakarsa ta ce ɗan ruwa ne, kullum ana masa hayaƙi.

'Yar'uwa Allah Ya jiƙan wanda ya rasu. Don Allah a daina hayaƙin nan yau ɗin nan, wallahi abin yana ƙona min rai, yaron da naman ƙirjinsa ba ƙarfi, da kyar yake jan numfashi, a lulluɓe shi da zane a kan kasko! Ɗanki ba ɗan ruwa ba ne, mara lafiya ne.

Sai na gan shi zan iya cewa ga ciwon, amma bayaninki ya yi kama da SMA, ciwon gado da ke kashe jijiyoyin laka masu motsa tsoka. Kamar sikila yake tafiya, uwa da uba lafiyarsu ƙalau amma kowa na ɗauke da shi, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Don haka kar kowa ya ɗora miki laifi ke kaɗai.

Akwai maganin sha, risdiplam, Amurka ta amince da shi a 2020. Tsadarsa ba ta talaka ba ce, ba zan ɓoye miki ba, kuma ya fi aiki in an fara da wuri. Ko babu shi akwai abin yi, gashin ƙashi, koya miki yadda za ki shayar da shi kar ya ƙware, rigakafi a kan lokaci.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, sashen yara, ke da maigidan tare. In kika ga numfashinsa na sauri ko yana shaƙewa da nono, kar ki jira gari ya waye.