Karon farko a wasan hadko fank (kiɗan rok mai sauri da ƙara): me zan tanada?

Ka ce za ka 924 Gilman, gidan wasan kiɗa a Kalifoniya, kana tambayar abin riƙewa. Abin toshe kunne tukuna, ɗan'uwa. Ƙarar takan wuce desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti), a wannan ƙarfin kuwa bayan minti 15 kunne ya fara cutuwa. Na soso ya wadatar, amma murza shi ya sirance, ka tura, ka danne har ya kumbura. In ba haka ba, aikin banza ne.

Sa takalmi mai igiya, silifas ɓacewa yake. Tsakiyar fili wurin ture-ture ne, in ba ka so, koma gefe. Wanda ya faɗi, a ɗaga shi nan take. Ba a shan giya a Gilman, kuma a ƙofa ake yankar katin memba, don haka riƙe tsabar kuɗi.