Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa alam ɗin gidana da waya?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, don Allah a taimaka min, gidan da na saya a Kaduna na tarar da alam irin na DSC PC1832 an riga an sa shi da sensa a ƙofofi da tagogi kuma yana aiki lafiya lau, matsalar dai in ba na gida ban san me ke faruwa ba sai maƙwabta sun kira ni wai jiniya na ta kuka. Na sayo Sonoff Basic, wani ƙaramin makunnin wuta da ake sarrafawa ta waya, a kasuwa wani yaro ya ce in jona ta a kan allon alam ɗin kawai zan riƙa kunnawa da kashewa ta waya. Haka ne? Daga mai karatu, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, don girman Allah ajiye Sonoff ɗin nan tukuna. Ita Sonoff Basic wutar da ta shiga cikinta ita ce ke fita ta ɗaya bakin, wato wutar NEPA ce tsagwaronta, shi kuwa allon alam ɗinka da volt 12 yake rayuwa, taransifomarsa ma 16.5 take ba shi. In ka jona su ƙauri kawai za ka ji. Ni da idona na ga allon da aka yi wa irin wannan haɗin, gefen da ake ɗaure wayoyin ya yi baƙi ƙirin, mai gidan yana ta rantsuwa wai daƙiƙa ɗaya ce kacal. Kai ta kan fitilar tsakar gida, can ne aikinta.

Abin da kake buƙata rile ne wanda bakinsa ba ya ɗauke da wuta ko kaɗan, buɗewa da rufewa kawai yake kamar makunni, irin na Shelly 1 wanda ma yana iya cin volt 12. Sai ka ware zone (wato layin da ake jona sensa a allon) guda ɗaya da ba a amfani da shi a mai da shi na makulli, a DSC lamba 22 ce, duk sanda rile ya ɗan taɓa ya saki alam ya kunnu ko ya mutu. Kar ka manta da resista ta 5.6k a kan layin in haka aka saita allon, in babu ita zai ɗauka an yanke waya.

Sai batun sanin halin da gida ke ciki, nan ne mutane ke rikicewa. Akwai bakin da aka rubuta PGM a allon, wanda ake saitawa ya ba da sigina in wani abu ya faru, mutum sai ya sa mita yana neman volt 12 bai gani ba ya ce ya lalace, alhali shi PGM nagatif yake bayarwa in ya tashi, don haka ƙaramin rile na volt 12 za ka sa tsakanin AUX+ da PGM ɗin, bakin rilen kuma ya tafi wurin na'urar da za ta kai wa wayarka labari. PGM1 miliamfiya 50 kawai yake ɗauka, kar a ɗora masa kaya. Duk wannan sai da lambar mai sakawa, wato lambar sirrin shiga saitin allon, daga kamfani 5555 take zuwa, in wanda ya sa ya canza ta to sai ka neme shi ko ka kira gwani.

Amma ni ra'ayina in aljihu zai ɗauka ka nemi Envisalink 4, ƙaramar na'ura ce da ke haɗa allon alam da intanet. Wayoyi huɗu ne, ja, baƙi, rawaya da kore, a wurin da keypad (maɓallan da kake danna lambar sirri) yake jone, sai kebul zuwa rautar intanet, shi kenan za ka ga kowace ƙofa daban a wayarka ba wai "alam na kuka" kawai ba, kuma yana magana da Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida. Kafin ka taɓa komai cire taransifoma ka cire batir.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutane, allon yana da batirinsa na 7Ah ko 4Ah yana ci gaba da gadi in an ɗauke wuta, rauta fa? In ba ta kan inbata ko ƙaramin UPS to jiniya za ta yi ta kuka wayarka shiru, mu koma kan maƙwabta. Ka rubuto ka gaya min ko lambar 5555 ta buɗe.