Re: An ɗora mini rubuta tarihin cocinmu, ta ina zan fara?

Kai 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce kwamitin coci sun ba ki aikin haɗa tarihin ikilisiya domin bikin cika shekara, tsofaffin littattafan kuma dukansu da yaren Suwidin aka rubuta su, dattawan kuma kowa da nasa labarin. Irin ramin da na faɗa ke nan a nan Minnesota ta Amurka, a cocinmu da 'yan Suwidin suka kafa, har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Ni ma haka aka yi mini, wai ai ke kin iya kwamfuta. Makullin kabad ɗin da littattafan suke yana hannun wata tsohuwa, jikar waɗanda suka kafa cocin, sai da na yi sati uku ina binta kamar mai bin bashi kafin ta buɗe, kuma ta tsaya a kaina kamar zan gudu da su Numan. Rubutun hannu ne na da, tawada ta koɗe. Akwai kalmomi huɗu da dole ki haddace tun yau: född haihuwa, döpt baftisma, vigd aure, död mutuwa. Ni ban sani ba. Na ga döpt na ɗauka död ne, na rubuta cewa wata yarinya ta rasu tana jaririya, ashe ranar baftismarta ce. Kuma yarinyar nan kakar matar makullin ce! Ranar da na karanta abin da na haɗa bayan sujada, ana shan kofi, mutum ya kai sittin, matar nan ta miƙe ta ce in kakarta ta mutu tana wata biyu to ita daga ina ta fito? Aka kwashe da dariya. Bai ishe ta ba, ta ƙara da cewa abin da ake samu ke nan in aka ba baƙo aikin gida. Baƙo fa. Shekara tara ina wanke kofuna a kicin ɗin cocin nan, ina koyar da jikokinta a makarantar Lahadi. Na shiga mota na yi kuka har gilas ya yi hazo, maigida yana ta kira ban ɗauka ba. Fasto ya ba ni haƙuri daga baya, ita kam har yau ko sannu. Na yafe, amma wurin zamana na canja.

To kada ki yi aikin ke kaɗai, shi ne maganata. Ki rubuta wa Swenson Center, cibiyar binciken tarihin 'yan Suwidin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, da ke Augustana College a Rock Island, jihar Illinois, sun ɗauki hoton littattafan cocin 'yan Suwidin masu yawan gaske. Kuma ki fara tabbatar da wane reshe ne naku, domin ba dukansu Lutheran ba ne, akwai Baptist, akwai 'yan Covenant da suka kafa tasu a Chicago a 1885. In Lutheran ne, to kusan tabbas darikar Augustana Synod ce, wadda aka kafa a 1860, ta narke cikin darikar LCA (Lutheran Church in America) a 1962, sannan ELCA (Evangelical Lutheran Church in America) a 1988, shi ya sa za ki ga sunan darika yana ta canjawa a kan takardu kina zaton coci daban ne. Sunaye ma su ne masu kashe mutum, ɗan Anders sai ya zama Andersson, 'yarsa Andersdotter, suna isowa Amurka rabinsu suka koma Anderson ko Johnson. Ki riƙa haɗawa da ranar haihuwa da ƙauyen da mutum ya fito.

Af, ki je garin Center City a nan Minnesota ki ga ikilisiyar Chisago Lake Lutheran, tun 1854 take, ko ikilisiyar Vasa wadda Eric Norelius ya kafa a 1855. Ni makabarta na fi zagayawa, duwatsun sun fi dattawa faɗin gaskiya. Da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a can, yunwar da aka yi a Suwidin daga 1867 zuwa 1869 ce ta koro su, manoma ne talakawa irin iyayenmu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rigimar yare. Ki duba rahoton taronsu na wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya, za ki ga iyaye sun nace sai sujada da Suwidanci, yara kuma ba sa ji. A Iowa ma gwamna ya hana wa'azi da yaren waje a 1918. Ina karantawa ina tuna yadda muka yi ta cacar baki a zumuntar mata kan sujadar Hausa, ɗana ko Addu'ar Ubangiji ba ya iya kaiwa ƙarshe da Hausa yanzu. Yau abin da ya rage wa 'yan Suwidin ɗin sai bikin waliyiya Lucia na 13 ga Disamba da wannan kifin nasu lutfisk mai wari, wanda ni dai daddawa ta fi shi sau goma.

In kin samu shafin da ya gagare ki, ɗauki hotonsa ki turo mini ta inbox. Amma kafin ki karanta komai a gaban jama'a, ki ba wani tsoho ɗaya ya duba a ɓoye, kuma ki tabbata ba mai makullin ba ce.