Wane ɗaki za a kama a jirgin ruwa?

Tun da Ghana da Afirka ta Kudu suka ɗauke wa juna biza a watan Nuwamban 2023, mutanenmu na zango suka fara leƙa jiragen ruwan shaƙatawa masu tashi daga Durban. Na yi shekaru ina gyaran ɗakunan fasinjoji a irin waɗannan jirage kafin na dawo gida Nima, shi ya sa tambayoyin suke zuwa wajena. Ga na wannan makon.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta rubuto daga Mamobi: "Baba, ina so in kai mahaifiyata yawon kwana huɗu a jirgin kamfanin MSC daga Durban zuwa gaɓar Mozambik. Ta haura shekara 65, kuma ko trotro ta shiga daga Nima zuwa Madina sai jiri ya kama ta. Mai sayar mini da tikiti ya ce in kama ɗakin can sama, ta gaba, mai baranda, wai shi ne na manya. Kuɗin bai fi ƙarfina ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan wannan niyya, ya ba ki masu yi miki. Zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Ɗakin da aka nuna miki shi ne ya fi kowane ɗaki motsi a jirgin, kada ki kai Inna can.

Jirgi a teku motsi biyu yake yi da ke tayar wa mutum da zuciya. Na farko, goshinsa ya ɗaga ya sauka, bayansa ya bi. Kin ga yara in sun ɗora katako a kan turmi suna lilo, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa? Wanda ya zauna daidai kan turmin kusan ba ya motsi. Jiragen nan tsawonsu ya kai kusan mita 300, wato filin ƙwallo uku a jere, don haka tazarar da ke tsakanin mai ɗaki a goshi da mai ɗaki a tsakiya babba ce. Goshi ne ke fara karo da igiyar ruwa, shi ya fi shan wahala, baya na biye da shi. Duk wanda ya taɓa zama kujerar ƙarshe a motar VIP daga Circle zuwa Kumasi ya san yadda rami ɗaya ke ɗaga shi sama, alhali na tsakiyar mota yana barcinsa.

Motsi na biyu shi ne na gefe da gefe, kuma a nan tsawo ne abin gudu. Ki dubi bishiyar kwakwa a bakin ruwan Labadi in iska ta taso: kanta yana ta rangaji, gindinta ko gezau. Haka benayen jirgi suke. Karkatar da mai bene na 5 zai ji kamar an ɗan taɓa shi, mai bene na 14 sai ya dafa bango. Na sha hawa da tire a hannu daga ƙasa zuwa sama a dare ɗaya, a ƙasa shayi yana zaune lafiya cikin kofi, kafin in kai sama ya fara zuba a faranti.

Za a ce miki jiragen zamani suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu hana su tangaɗi. Gaskiya ne, kuma suna aiki, amma motsin gefe da gefe suke ragewa. Ɗagawa da saukar goshi ba su da wani tasiri sosai a kansa. Ruwan da ke gabashin Afirka ta Kudu kuwa buɗaɗɗen Tekun Indiya ne, ba abin da ya kare shi. Wata rana ya kwanta luf, wata rana ya tashi da ƙarfinsa, kuma ba ki da ikon zaɓar ranar. Ɗakin ne a hannunki.

To ga abin da za ki nema: tsakiyar jirgi, a ɗaya daga benayen ƙasa na fasinjoji, ɗaki mai taga. Kada kalmar ƙasa ta tsorata ki, ɗakunan fasinjoji a saman ruwa suke, mu ma'aikata ne muke kwana can ciki. Tagar kuma magani ce. Jirin teku yana tasowa ne idan cikin kunne ya ji ana motsi, ido kuwa ya ga bango a tsaye cak, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Da zarar Inna ta ɗaga labule ta kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama, ido da kunne sun daidaita, sai abin ya lafa. In kina son baranda don ta sha iska, ki nemi benen da barandu suka fara, shi ma a tsakiya. Sai ki tambaya ko kwale-kwalen ceto ya tare tagar, domin a wajajen nan ake rataye su. Ɗakin da aka tare wa gani yana da rahusa, amma ga mai jiri rahusar ba ta da amfani.

Saboda gwiwa, ɗakin ya kasance kusa da lif, amma ba daura da shi ba. Ƙofa huɗu ko biyar tsakani ya isa. Hanyar da ke tsakanin ɗakunan jirgi doguwa ce ƙwarai, na ga tsofaffi suna fasa zuwa cin abinci saboda nisan tafiya. Ki tafi da citta, ɗanya ko busasshiya. Akwai ƙwayoyin jiri irin su Stugeron a kantin magani, sai dai suna sa barci, kuma ana shan su ne kafin jirin ya kama. Tunda Inna ta manyanta, wataƙila kuma tana shan maganin hawan jini ko na ido, ku fara ganin likitanta kafin ku saya.

Wasiƙa ta biyu daga Aboabo ta zo, a Kumasi. Wani saurayi ne da za a ɗaura wa aure bayan babbar salla: "Baba, ni teku ba ta dame ni ba, barci ne matsalata, ko ɓera ya motsa sai na farka. Na ga wani farashi mai sauƙi da suke kira garanti, sun ce su za su zaɓa mana ɗakin. In saya?"

Ango, Allah ya sanya alheri, ya kawo zuriya ɗayyiba. Kada ka saya. Garanti na nufin ka biya kuɗin irin ɗakin, mai taga ko mai baranda, amma lambar ɗakin sai daga baya kamfani ya ba ka, wani lokaci ana saura kwanaki kaɗan a tashi. Waɗanda suka ƙara kuɗi sun riga sun tsince nasu, abin da ya rage shi za a raba muku. Kana iya dacewa, ban musa ba. Amma mai barcin zomo irinka, da amarya a gefe, bai kamata ya jingina makonsa na farko ga sa'a ba.

Abin da za ka yi aikin rabin awa ne. Kowane kamfani yana sa taswirar benayen jirginsa a shafinsa na intanet. Ka buɗe bene uku: wanda kake so, na samansa, da na ƙarƙashinsa. Yawancin mutane maƙwabcin dama da hagu kawai suke dubawa, alhali a jirgi hayaniya ta rufi da daɓe take shigowa, don ƙarfe ne gaba ɗaya, kuma ƙarfe yana kai sauti nesa. Ɗakin da kake nema shi ne wanda samansa ɗakin kwana ne, ƙasansa ma ɗakin kwana ne. In ka sami wannan, ka gama rabin aiki.

Akwai wani ɗaki da ba na mantawa da shi a wani jirgi da na yi aiki. Babba ne, mai baranda, mai tsada, yana daidai ƙarƙashin wurin wanka da babban ɗakin cin abinci. Wasu dattawa biyu, miji da mata, suka kama shi don murnar cika shekaru da aure. Tun kafin gari ya waye yaran da ke wanke saman jirgi suke fara jan kujerun kwanciya suna jerawa, ƙiii, ƙiii, a kan kawunansu, ga amalanken kwanuka yana wucewa gurr. Da dare kuma kiɗa har bayan sha biyu. Rana ta uku na shiga gyara gado na tarar da matar zaune a bakinsa, ta tura auduga a kunnuwa biyu, idonta ya yi ja. Na kai kukansu ofis, aka ce jirgi cike yake, ba ɗaki ko ɗaya. Haka suka ƙarasa kwana bakwai. Har yau abin yana ci mini rai, don da wani ya nuna musu taswira tun a gida, da kuɗin da bai kai wannan ba sun sami barci.

Don haka ka guji benen da ke ƙarƙashin wurin wanka, da na ƙarƙashin ɗakin motsa jiki, inda ake gudu a kan inji tun da sassafe. Ta ƙasa kuma ka guji saman zauren wasanni da gidan rawa da kicin. Kicin ɗin jirgi ba ya rufewa, masu burodi cikin dare suke aiki.

Goshin jirgi yana da tasa damuwar ko da teku ta kwanta. A can anga take, wato ƙarfen da ake sakewa cikin ruwa don tsayar da jirgi, kuma ranar da jirgi zai tsaya nesa da gaɓa a kwashe mutane da ƙananan jirage, sarƙarta za ta sauka da ƙara kamar ana juye tifar dutse a ƙofar gida. A can kuma akwai wasu farfeloli da ke tura jirgi gefe idan zai jingina da tasha, suna kunna su ɗakin ya ɗauki rawa har madubi. Jirage kuwa galibi da sanyin safiya suke shiga tasha. Can baya, a benayen ƙasa, gunjin inji da manyan farfeloli ne. Wasu suna cewa yana sa su barci, kai ban ga alama ba.

Sai ƙananan abubuwa biyu da ba kowa ke lura da su ba. In ka ga fili a taswira babu lamba babu suna kusa da ɗakin, yawanci wurin aikinmu ne: ma'ajiyar zannuwan gado, matakalar ma'aikata, lif ɗin kaya. Ƙofofinsa masu nauyi ne, kuma muna shige da fice tun asuba. Na biyu, ɗakin da ke da ƙofar haɗi da na maƙwabci. An yi shi don iyali masu yara, kuma ko a kulle take, hira da tari da talabijin duk suna ratsowa. Taswira tana sa masa alama, ka karanta bayanin alamomin a gefe. Wajen ƙirga benaye ma ka natsu: jiragen MSC ba su da bene na 17, saboda Italiyawa ne suka kafa kamfanin kuma suna camfa lambar, wasu kamfanonin kuma 13 suke tsallakewa. Benen da kake zaton akwai wani tsakaninku da shi yana iya zama shi ne rufinka.

In ka zaɓa ka biya, ka gaya wa mai tikitin ya rubuta cewa ba ka son a canza maka ɗaki ko da sunan ƙarin girma ne. A wurin kamfani ƙarin girma yakan zama bene mafi tsawo, kuma sau da yawa can ne ƙarƙashin kujerun nan.

Ta uku daga wani malamin makarantar allo ce a Madina Zango, wanda 'ya'yansa suke so su haɗa masa Umra da 'yan kwanaki a jirgin Aroya mai tashi daga Jidda: "Ɗakin da ba taga ya fi araha. Yaya mutum zai yi da salla a cikinsa?"

Allah gafarta Malam, ɗakin ciki yana da kirkinsa. Yawancinsu a tsakiyar faɗin jirgi suke, ba su cika motsi ba, ga duhu mai daɗin barci. Amma duhun nan ɗaya ne da azahar da tsakar dare, in ka kashe fitila ba ka san alfijir ya keto ba. Dole sai da agogo mai ƙararrawa, kuma a saita shi da lokacin jirgi, domin waya takan ɗauko lokacin wata ƙasa da ake wucewa ta gefenta. Ga wanda ya saba duba sama ya san lokacin salla, ina ganin ƙarin kuɗin taga bai zama ɓarna ba.

Alƙibla kuwa, kada a dogara da kamfas a cikin ɗaki, ƙarfen jirgi yana ruɗa shi. Talabijin ɗin ɗaki yawanci yana da tasha mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita za a gane gefen da Makka take, ko a tambayi ofishin karɓar baƙi. Hukuncin ka fi ni sani, Malam: mai iko ya yi a tsaye, wanda ya kasa ya zauna. Abin da zan ƙara daga aikina shi ne, a benen ƙasa ta tsakiya na yi shekaru ina ruku'u da sujada ba tare da na dafa komai ba, sai a 'yan darare ƙalilan. A auna kuma filin da ke tsakanin gado da bango a hoton ɗakin, don wasu ɗakunan ciki sai an raba gadon gida biyu kafin darduma ta shimfiɗu, kuma mai gyaran ɗaki zai raba shi in an roƙe shi tun ranar farko.

Mutum biyu sun tambayi ko gefen dama ya fi na hagu. Wajen motsi da hayaniya duk ɗaya ne. Bambancin rana ce kawai: jirgin da ya nufi arewa, kamar mai barin Durban zuwa Mozambik, hantsi ta dama yake shigo masa, zafin la'asar ta hagu, in ya juyo gida kuma su sauya.